Tsakanin Kwantak da Birenbos

A cikin mas'alolin da kanikawan kudancin Kaduna suke saɓani a kansu a wannan zamani, tun daga garejojin Kakuri da Makera har zuwa na Barnawa da Sabon Tasha, ban san wadda ta kai wannan tada jijiyar wuya ba: idan mutum ya zo da tsohuwar Peugeot 504 wadda injinta ya gama aiki, ya ce a sauke shi a ɗora mata wani, shin wace irin wuta za a haɗa wa sabon injin? Wanda bai san mota ba zai ɗauka zance ne na 'yan wayoyi da guntayen ƙarafa, wanda bai cancanci a ɓata masa tawada ba. Amma duk wanda ya taɓa kwana a hanyar Kachiya saboda tartsatsin da ya ƙi fita, ya san cewa fetur da iska, komai kyan haɗuwarsu a cikin silinda, ba su motsa fistin sai wuta ta same su, kuma ba a kowane lokaci ba, sai a wani taƙi ƙayyadadde, wanda in an gota shi da ƙasa da ƙiftawar ido aikin ya ɓaci.

Dalilin da ya sa muhawarar ta fi zafi a wannan gefe na kogin Kaduna ba ɓoyayye ba ne, domin a nan aka riƙa harhaɗa motar. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, ya fara fitar da mota daga Kakuri a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, a cikin unguwar da masaƙu suka riga suka cika tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar KTL. Sassan motar kuwa daga Faransa suke tasowa a jirgin sama, daga birnin Liyon zuwa Kano, sa'an nan a kwaso su a manyan motoci a kawo Kaduna. Ita 504 ɗin ta fito a ƙasarsu tun 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a shekarar da aka fara haɗa ta a nan; da gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da ita motar manyan ma'aikata, sai ya zamana babban sakatare da direban haya mai wagon da ɗan kasuwa mai a-kori-kura duk inji iri ɗaya suke tuƙawa, bakanike ɗaya kuma yana iya duba su gaba ɗaya kafin azahar.

Wutar da motar ta zo da ita, wadda ake kira wutar kwantak, ba Faransawa ne suka ƙaga ta ba. Asalinta daga wani Ba'amurke ne mai suna Charles Kettering, wanda aka fara ɗora tsarinsa a kan motar Cadillac a 1910, duniya kuma ta zauna a kansa shekara sittin da 'yan kai ba tare da wani sauyi mai yawa ba. Bayaninsa a taƙaice shi ne, batir yana ba da bolt 12 kacal, wanda ba zai iya tsallake ratar da ke bakin fulogi ba; sai a bi da shi ta cikin koyil, wanda yake da naɗin waya biyu, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri mai dubban zagaye. A cikin distiributa kuma akwai 'yan ƙarafa biyu masu haɗa baki suna rabuwa, su ne kwantak, waɗanda wani sanda mai kusurwa huɗu, da ke juyawa da juyawar inji, yake ture ɗayansu. Muddin bakinsu yana haɗe koyil yana tara ƙarfi, da zarar kuwa sun rabu sai abin da ya tara ya kwararo ta siririn naɗin nan ya zama bolt 15,000 ko fiye, rota ta karɓa ta miƙa wa fulogin da layi ya zo kansa, na 1, na 3, na 4, na 2, haka nan har a kashe mota. Ita kwandensa aikinta ta shanye tartsatsin da zai ƙone bakin kwantak tun bai yi kwana ba.

Falalar wannan tsari, wadda ta sa ya zauna daram a ƙasar da littafin gyaran mota bai yawaita ba, ita ce babu wani sashe nasa da yake gaibu ga ido. Na sha tsayawa a kan wani dattijon bakanike a Makera, wanda ya yi aiki a kamfanin kafin ya buɗe garejinsa a gindin mangwaro, ina kallon yadda yake saita wuta. Zai sa babban yatsa ya ɓalle maƙalai biyu na murfin distiributa, ya zare rota ya jefa a aljihun gaba, ya kama bel ɗin fanka ya juya injin a hankali har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa. Littafi ya ce ratar ta zama milimita 0.4, shi kuwa kwalin ashana yake yagowa ya zura, in ya shiga da ɗan ja-in-ja ya ɗaure. Sa'an nan ya sassauta notin gindin distiributa, ya ce wa yaronsa, "Tada ta, kada ka taɓa totur." Sai ya dafa ta da tafin hannu, ya karkata kai gefe ɗaya, yana murɗa ta kaɗan-kaɗan, silo yana hawa yana hawa, har ya kai inda injin ya fara rawa, sa'an nan ya dawo da ita baya da ɗan abin da ido ba ya gani. Bai yarda aiki ya ƙare ba sai ya hau ta ya nemi hawa, ya sa babbar giya, ya danne totur, ya kasa kunne ko zai ji ƙyal-ƙyal ɗin nan da inji yake yi idan wuta ta riga lokacinta. Wannan ilmi ne mai isnadi, domin shi ya ɗauko daga waɗanda Faransawa suka koya wa, yaransa suka ɗauka daga gare shi, direbobi kuma suka tsinci abin da ya zuba. Shi ya sa a wancan zamani da wuya ka buɗe akwatin gaban motar haya ba ka tarar da kwantak da kwandensa da rota a naɗe cikin tsumma ba, tare da sukundireba da guntun sanfefa.

To, amma ni ba na cikin jama'ar da suke ganin duk abin da ya shuɗe ya fi na yanzu albarka, kuma adalci ya wajabta a faɗi aibin kwantak kamar yadda aka faɗi falalarsa. Duddugensa yana cinyewa, ratar ta matse, wuta ta riƙa makara, mota ta mutu a hawa ta kuma buɗe ciki ga fetur. Bakinsa yana tsatsa yana yin ƙuraje. Da damina raɓa ta kwana a cikin murfi, da safe a fito da yaran unguwa turi. In kuwa aka manta makulli a buɗe alhali bakin yana haɗe, koyil ya yi ta dahuwa har ya mutu. Waɗannan illoli ne suka sa kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sauya shi a 1972 da wani tsari wanda babu abin da yake gogar wani a cikinsa, maganaɗisu ne yake sanar da lokaci, wani ɗan akwatin lantarki kuma ya yanke wutar. Daga nan ba a daɗe ba aka miƙa al'amarin duka, da fetur da wuta, ga kwamfutar da mutanenmu suke kira birenbos, aka jefar da distiributar ma ɗungurungum.

Sai dai mu wannan canji bai shigo mana ta ƙofar kamfani ba, ta ƙofar gwanjo ya shigo. Tun daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta Kwatano da Legas, mafi yawansu ƙirar Japan da Jamus. Kamfanin Kakuri ya ci gaba da haɗa 505, daga baya 306 da 406, amma kasuwa ta riga ta juya masa baya. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, aka daina haɗa 504 a 2006, aka kuma sayar da hannun jarin gwamnati a shekarar. A tsakanin haka rikicin da aka yi a Kaduna a 2000 ya raba garin da kansa, jama'a suka yi ta ƙaura zuwa wannan gefe ko wancan, garejoji da yawa suka watse, maigida ya koma arewa da kogi, yaransa suka zauna kudu, ko kuwa akasin haka. Ba safai ake lissafa wannan a cikin asarar fitina ba, alhali kuwa silsilar koyon sana'a, idan ta tsinke, ba ta ɗauruwa da sulhun da ake yi a takarda.

Motocin dai ba su mutu ba, domin gangar jikin 504 da ƙafafunta sun fi injinta tsawon rai. Mai ita sai ya haye gada ya nufi kasuwar Panteka, ko ya aika kasuwar Ladipo a Legas, a samo masa inji. In ya yi sa'a ya sami ɗan'uwan na asali, wato mai cc 1971, ko na 505 mai kabireta, wanda yake zama a mazauninsa ba gardama. In bai samu ba, ko kuwa an ruɗe shi da zancen ƙarfi da ƙarancin shan mai, sai ya ɗauko na Toyota ko na Nissan ko na wata Peugeot ta baya-bayan nan, mai injekta. A nan ne fa matsala take tsirowa, saboda wanda ya ciro injin daga motarsa a can Turai ba ya ɓata lokaci wajen kwance soket-soket, datse damin wayoyin yake yi gaba ɗaya, birenbos kuma ya bi wata kwantenar dabam. Ƙari a kan haka, tun wajen 1998 doka ta tilasta a Turai kowace sabuwar mota ta zo da makulli mai ɗan ƙwayar lantarki a ciki, wanda in birenbos bai gane shi ba ba zai saki wuta ba. Saboda haka sai bakanike ya tarar da inji lafiyayye a gabansa, amma babu abin da zai umarce shi ya tashi. Mafitar da aka saba bi ita ce abin da ake kira kwanbashan: a tuge injekta, a sassaƙa wa kabireta mazauni, a nemo wata distiributa a ɗaura, a ja waya ɗaya daga makulli zuwa koyil, a buga kik. Injin kuwa yakan tashi, jama'ar gareji su yi shewa, mai mota ya biya yana godiya.

Ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni a nan, domin wannan gaɓa ita ce zuciyar mas'alar, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Fetur ba ya ƙonewa nan take, yana bukatar ɗan lokaci, kuma wannan ɗan lokaci ba ya raguwa sosai don inji ya ƙara gudu. Saboda haka dole a kunna wuta tun fistin bai ƙarasa hawowa ba, kuma gwargwadon saurin inji gwargwadon yadda za a gaggauta ta, tamkar maharbin da yake auna tsuntsu a sama, wanda ba ya saita inda tsuntsun yake sai inda zai kai. A tsohuwar distiributa, ƙarƙashin farantin da kwantak yake zaune, akwai 'yan duwatsun ƙarfe biyu da sifirin biyu. Idan gudu ya ƙaru duwatsun su buɗe su tura wuta gaba, sifirin kuma ya iyakance musu. A gefe akwai ɗan gwangwani mai tiyo zuwa kabireta, wanda yake ƙara tura ta idan ƙafar direba ta yi sauƙi a kan totur. Nauyin duwatsun nan da taurin sifirin ba da ka aka zaɓe su ba, an auna su ne a kan inji guda, bisa siffar tof silindarsa da yawan matsin da yake yi. Kenan distiributar da ta shiga rami ba lalle ne ta dace da injin ba, ko da ta zauna cif. Kunnen dattijon Makera, duk da ƙwarewarsa, yana saita wuri ɗaya ne, wato silo. Abin da zai faru a gudun kilomita 100 a hanyar Abuja yana hannun sifirin da aka ƙera don wani inji dabam. In wutar ta yi gaba da yawa, fistin ya yi ta shan duka har ya huje ko ring ya karye. In ta yi baya, lagireto ya tafasa, salansa ta yi ja, mai mota ya zauna yana tsine wa wanda ya sayar masa da inji, alhali injin ba shi da laifi. Injunan injekta kuwa galibi sun fi na da matsi, don haka sun fi saurin nuna fushinsu.

Akwai kuma ƙaramin kuskure mai yawan aukuwa, wato haɗa koyil da abin da ba nasa ba. Koyil ɗin tsarin akwatin lantarki yana zuƙar wuta fiye da na kwantak nesa ba kusa ba. In an ɗaura shi a kan kwantak, bakin ba ya daɗewa ya ƙone, sai a ce kayan yanzu jabu ne. Jabun yana nan, ba na musu, musamman kwandensa, wadda samun tagari a kasuwa ya zama sai an tona. Amma ba kowace mutuwa ce tasa ba.

Na taɓa halartar wata muƙabala a kan wannan a wani gareji kusa da tashar jirgin ƙasa, tsakanin maigidan wurin da wani saurayi mai gyaran waya, wanda yake yawo da na'urar bincike a jakar goyo. Motar wagon ce ta wani dattijo, an ɗora mata injin Japan mai injekta.

Maigidan ya ce, "Alhaji, ka bari in sa maka kabireta da kwantak. Ko a Birnin Gwari ta tsaya, yaron da ke facin taya zai tada maka ita."

Saurayin ya ce, "Baba, a gafarce ni, wannan injin ba a yi shi don kwantak ba. A nemo birenbos ɗinsa da wayoyinsa, a sa famfon mai a tanki, shekara za ta zagayo Alhaji bai buɗe bonet ba."

"In ya buɗe fa? Me zai gani a ciki?"

"Sai ya kira ni."

"Daga Birnin Gwari?"

Mai motar dai bai ce uffan ba, yana jan carbi yana dubansu. Ni kuwa abin da na fahimta a wurin shi ne, kowannensu ya faɗi gaskiya, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Saurayin yana magana a kan sau nawa mota za ta lalace, maigidan kuma yana magana a kan hannun wa za ta faɗa ranar da ta lalace. Wutar kwantak tana yawan ciwo, sai dai ciwo ne mai ba da sanarwa, mai jin magani a bakin hanya. Ta birenbos tana daɗewa lafiya lau, amma ran da firikwensin karanshaf ya mutu, mutuwar fuju'a ce, babu sanfefar da za ta yi amfani. Hujjar maigidan ma tana raguwa kowace shekara, domin yaron facin tayan da yake dogaro da shi, a yau ya fi sanin soket ɗin Toyota da kwantak. Da yawa cikin masu koyon aiki yanzu ba su taɓa ganin an buɗe distiributa ba, balle su san cewa Faransawa daga wajen giya suke fara ƙirga silinda, ba daga wajen fanka ba.

In an nemi ra'ayina, malamai sun ce hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, illar a nan kuwa inji ce, ba gangar jiki ba, ba kuma begen zamanin da ya wuce ba. Injin da aka ƙera da birenbos a bar shi da birenbos ɗinsa, a kuma yi ciniki a kan haka tun a kasuwa: inji da wayoyinsa cikakku, da akwatinsa, da makullinsa in yana da shi, ko kuwa a fasa. Kuɗin ya fi yawa, aikin waya ya fi tsawo, kuma sai an ja tiyon da zai mai da rarar mai tanki. Amma kwanbashan, a mafi yawan abin da na gani, rahusa ce ta rana ɗaya wadda ake biyan bashinta a gidan mai. Wanda kuwa ya sami injin Peugeot na asali, ko na 505 mai kabireta, shi ne yake da zaɓi na haƙiƙa, kuma da ni ne shi, da na riƙe distiributar injin da duwatsunta da sifirinta, bayan an wanke an tabbatar ba su cije ba kuma gwangwanin gefe bai huje ba, na cire kwantak kaɗai na sa ɗan maganaɗisun nan a gurbinsa tare da koyil ɗin da ya dace da shi, tsohon farantin kuma na naɗe shi na ajiye a mota. Wanda yake son motarsa ta zauna yadda ta fito daga Kakuri, don tarihi ko don tunawa da mahaifi, babu mai zarginsa in ya zauna a kan kwantak, da sharaɗin ya koyi saita shi da hannunsa, domin masu yi masa suna ƙarewa.

Wani sabon babi kuma ya buɗe tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, farashi ya ninka ya sake ninkawa, masu tsofaffin motoci suka fara tambayar yadda za a mai da su kan gas. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, ya kuma fi shi jinkirin ƙonewa, saboda haka yana bukatar tartsatsi mai ƙarfi da wutar da aka ƙara turawa gaba. Motar da za ta riƙa sauyawa tsakanin su biyun tana bukatar lokaci iri biyu, abin da duwatsu da sifirin ba za su iya ba, tun da awo ɗaya aka yi musu. Masu haɗa gas suna da ɗan akwatin lantarki da yake tura wutar idan an juya kan gas, ya mai da ita idan an koma fetur. Maigidan garejin nan na kusa da tasha, wanda ya yi shekaru yana hana a kawo masa birenbos cikin rumfa, na ji an ce da aka zo masa da 504 ta farko mai tukunyar gas a but, da kansa ya aika a kira saurayin mai jakar goyo, ya ce ya zo da na'urarsa, amma kada ya taɓa notin distiributa sai yana wurin.